Durɓi ta Kusheyi: ƙauyen da ke riƙe da kaburburan sarakunan farko na Katsina

A ina ƙauyen yake?

Yana cikin ƙaramar hukumar Mani a jihar Katsina, kamar kilomita 30 gabas da birnin Katsina. Ƙasar jigawa ce, gero da dawa da wake ake nomawa. Abin da ya raba shi da maƙwabtansa shi ne wasu tsibin ƙasa da ke tsakanin gonaki, waɗanda baƙo zai ɗauka tuddai ne kawai.

Daga ina sunan ya fito?

Kusheyi jam'in kushewa ne, wato kabari. Durɓi kuwa sarautar Durɓawa ce, gidan da ya mulki wannan ƙasa kafin zuwan Korau, wanda ya karɓe mulki daga hannunsu. Har yau hakimin Mani shi ke riƙe da sarautar Durɓin Katsina.

Su wa aka binne a wurin?

Tarihin baka ya ce sarakunan Durɓawa ne, tun daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda aka ce Korau, mutumin 'Yandoto, ya kayar a kokawa ya karɓe sarauta. Sai dai a yi hattara wajen cewa tsibi kaza na sarki wane ne, domin labarin baka ne ya raɗa wa kowane tsibi suna.

An taɓa tona su?

Sau biyu. A 1907 Razdan Palmer ya tona wasu a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sannan a 1992 aka sake aiki tare da masana daga Jamus. Aikin na biyu ne ya fi amfani. An samu mundaye na tagulla da na hauren giwa, da duwatsun ado na gilashi, da wuri irin na kuɗin da, da kayan ado na zinariya, har da tasar tagulla ƙirar ƙasashen Gabas. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, bincike kuma ya sa shekarunsu wajen ƙarni na 14 zuwa na 16. Wannan tasa ita ce babbar shaida: mutanen da suka zauna a nan suna da hannu a fataucin Sahara, kuma suna da dukiyar da za su bi mamacinsu da ita ƙasa.

Me ke lalata wurin?

Ruwan damina na zaizaye tsibin, garma kuma na cin gindinsa kaɗan-kaɗan kowace shekara idan gona ta matso. Mafi muni shi ne tonon ɓoye. Da zarar an zare munduwa daga inda take kwance, an raba ta da ƙashi da gawayin da ake auna shekaru da su, kuma babu mai iya mayar da wannan.

Wanda zai je fa?

Ya bari sai rani bayan an cire amfani, ya fara gaida mai gari ya nemi ɗan rakiya, kuma ko katangar tukunya kada ya ɗauka.