Magungunan da ke sassauta naɗin DNA: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ɗalibai da masu zuwa karɓar magani tambayoyi iri ɗaya suke yi min kullum. Ga amsoshin wuri guda.

Mene ne histon?

Furotin ne. DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halitta guda ya kai kusan mita 2, ba zai shiga ba sai an naɗe shi a jikin histon kamar zare a mazari. Inda naɗin ya tsuke, ƙwayar gadon da ke wurin ba ta karantuwa. Inda ya sassauta, sai ta yi aiki.

To asetil fa?

Ƙaramin sinadari ne da ake liƙa wa histon, sai riƙonsa da DNA ya yi rauni. Wani enzayim (furotin mai gudanar da aikin sinadarai a jiki) mai suna HAT ke liƙawa, wani mai suna HDAC ke cirewa. Maganin da ya daƙile HDAC yana barin asetil ya taru, naɗin ya buɗe. Masanin kimiyya Vincent Allfrey ya nuna alaƙar asetil da aikin ƙwayoyin gado tun 1964, don haka a daina kiran abin sabon gano.

Maganin yana canza DNA ɗina?

A'a. Rubutun yana nan yadda yake, abin da ake karantawa ne ke canzawa.

Matata tana shan valproate saboda farfaɗiya, yanzu ta samu ciki. Ta daina?

Kada ta daina yau da kanta, kuma kada ku wuce gobe ba ku ga likita ba. Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubutun nan. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina, ta kwance bakin mayafinta ta fito da katin maganin, ƙwaya uku kawai aka ɓalle. Makonni biyu ke nan da ta ajiye shi don maƙwabciya ta ce yana lalata jariri, har ta faɗi sau biyu a tsakar gida, sau ɗaya kusa da murhu.

Maƙwabciyar ba ƙarya ta yi ba. A 2001 aka gano cewa valproate na daƙile HDAC, kuma ana ganin hakan na cikin dalilan da yake taɓa ɗan tayi, lokacin da ƙwayoyin gado ke buɗewa da rufewa a kan tsari. Kusan jariri 1 cikin 10 da aka sha maganin da cikinsu ana haifarsu da nakasa babba, alhali ga sauran mata 2 zuwa 3 ne cikin 100. Akwai kuma jinkirin magana da koyo a yara 30 zuwa 40 cikin 100. Shi ya sa Turai ta tsananta dokarsa a 2018 ga duk macen da za ta iya ɗaukar ciki.

Sai dai yanke maganin farat ɗaya na iya kawo farfaɗiyar da ba ta tsayawa, wadda kan iya halaka uwa da ɗa gaba ɗaya. Sannan bututun lakar jariri yana rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, sau da yawa kafin mace ta san tana da shi. Don haka amsar ta danganta da watannin cikin, da yawan abin da take sha, da irin farfaɗiyar. Wata matar, likita zai mayar da ita kan lamotrigine ko levetiracetam a hankali. Wata kuwa valproate ne kaɗai ke riƙe ta, sai a rage zuwa mafi ƙanƙantar adadin da zai yi aiki, a ƙara folik asid, a duba jariri da hoton ciki. Malam, ka kwantar mata da hankali: mafi yawan jariran nan ana haifarsu ba tare da babbar nakasa ba. Amma ciki na gaba ku je wurin likita kafin a ɗauke shi.

Gaskiya ne magungunan da ke daƙile HDAC suna warkar da cutar kansa?

Ba kowace kansa ba. Amurka ta amince da vorinostat a 2006 da romidepsin a 2009 don wata kansar ƙwayoyin garkuwar jiki da ke bayyana a fata. A kansar nono, huhu ko hanta, su kaɗai ba su taɓuka abin kirki ba. Suna kuma kawo kasala, tashin zuciya, gudawa da raguwar ƙwayoyin daskarar da jini. Wanda ya ce maka yana da na sayarwa a intanet, rabu da shi.

Na ji ana cewa suna maganin sikila.

Na san abin da ya sa iyaye ke riƙe maganar nan, cutar ta addabe mu. Butyrate, wanda bakteriyar cikin hanji ke samarwa daga harzar abinci, yana daƙile HDAC, kuma yana iya farfaɗo da haemoglobin irin na jarirai, wanda ke hana jini lanƙwashewa. An gwada shi a marasa lafiya a shekarun 1990, amma sai ta jijiya ake ba shi na tsawon sa'o'i, jiki kuma na saurin ƙone shi, bai zama maganin yau da kullum ba. Hydroxyurea ne ke wannan aikin a asibitocinmu, ta wata hanyar daban. Hajiya, kada ki daina ba yaro shi don wani labari da kika ji, ki ci gaba da kai shi gwajin jini a kan lokaci.