Baƙin gilashin a-kori-kura: abin da dokar 1991 ta ce da abin da ake ƙara mata a bakin titi

Na tarar da kawuna a ƙofar gida da reza a hannu, yana kankare baƙar ledar gilashin Hilux ɗinsa, gumi har ya jiƙe masa riga. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya miƙo mini waya. Wata murya ce ke yawo a WhatsApp, wai an yi sabuwar doka: duk a-kori-kurar da aka ga gilashinta da duhu, ko an ɗaga ta sama, ko an sa mata manyan tayu, za a ƙwace ta har abada, mai ita kuma ya sha ɗaurin shekaru. Motar nan da ita yake zuwa aiki cikin gari, ranar Asabar ya keta yashi da kwazazzabai zuwa gona. Ya riga ya cire rabin ledar kafin na iso.

Dokar ba sabuwa ba ce. Dokar soja ce mai lamba 6 ta shekarar 1991, zamanin mulkin Janar Babangida, kuma tana nan cikin kundin dokokin tarayya. Gajeriya ce ƙwarai, kuma a kan gilashi kaɗai ta yi magana. Babu taya a cikinta, babu tsayin mota, babu ƙarfen da ake ɗaura wa a-kori-kura a goshi. Waɗannan harkar lafiyar mota ce, ta jami'an duba motoci na VIO da Hukumar Kiyaye Haɗurra. Fenti ne ke da tasa dokar daban: tun 1977 aka hana farar hula shafa wa mota koren fentin soja, wanda wasu matasa ke sha'awa don motar ta yi kwarjini.

Wa dokar gilashin ta shafa? Kowace mota, ta gida ko ta haya, ƙarama ko babba.

Abin da ta haramta shi ne a duhunta gilashi, ko da leda ko da launi ko ta wata hanya, har ya zama na waje ba ya iya ganin mutane ko kayan da ke ciki sosai. Nan ne ma'aunin: ana ganin na ciki ko ba a gani? Dokar ba ta faɗi wani adadin duhu da za a auna da na'ura ba, shi ya sa gardama ba ta ƙarewa a shingen bincike. Kai ka ce, "Yallaɓai, ai ana ganina." Shi ya ce bai gan ka ba. Ta kuma bar ƙofa ɗaya: Babban Sufeton 'Yan Sanda, ko wanda ya wakilta, na iya ba da izini bisa dalili mai ƙarfi, kuma dalilan biyu ne, lafiya ko tsaro. Zafin rana na watan Afrilu da ke dafa mutum cikin mota ba ya cikin lissafi, sai fa in likita ya rubuta cewa hasken na cutar da idonka ko fatarka.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne na motar da ta zo da duhunta daga kamfani. Masu a-kori-kurar Tundra da Tacoma da ake shigowa da su daga Amurka sun san zancen: gilasan baya a duhunce suke zuwa, kuma ba leda ba ce da za ka ɓare, launin a cikin jikin gilashin yake. Da yawa suna cewa, "Ni ban sa komai ba, haka na saye ta a Kwatano, doka ba ta hau kaina ba." To, ta hau. Dokar ta ɗora wa wanda ya saya, ko aka ba shi kyauta, ko ya shigo da irin wannan mota, nauyin canza gilasan cikin kwana 14 daga ranar da ta shigo Najeriya ko ranar da ya saye ta. Rundunar 'yan sanda ma ta sha nanata cewa duhun kamfani yana buƙatar izini kamar na leda. A ganina wannan sashe ya tsufa. A 1991 irin waɗannan motoci tsiraru ne, na manya. Yau kusan duk wata babbar mota da ke sauka daga jirgin ruwa haka gilashinta na baya yake. A ce mutum ya fasa gilasai lafiyayyu ya sayi wasu cikin mako biyu, ko ya je ya nemi izini da sunan rashin lafiyar da ba shi da ita, wannan tura mutane ga yin ƙarya ne.

Sai hukunci, inda jita-jitar ta fi yin kitso da ƙwarƙwata. Abin da dokar ta tanada shi ne tarar naira 2,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Naira 2,000 a 1991 kuɗi ne mai tayar da hankali. Yau ko lita uku ta man fetur ba za ta saya ba. Amma kada a raina wata shidan, yana nan bai goge ba. Abu na biyu, hukuncin na zuwa ne bayan kotu ta sami mutum da laifi. Ɗan sandan da ke kan hanya zai iya tsayar da kai, ya nemi takardar izini, ya kai maganar gaba. Ba shi ne alƙali ba, kuma kuɗin da aka karɓa a gefen titi ba tare da rasit ba sunansa daban, ba tara ba. Ƙwace mota har abada kuwa, mai muryar WhatsApp ne ya ƙirƙiro abinsa.

Me ya tayar da ƙurar a baya-bayan nan? A 2021 rundunar ta dakatar da ba da izinin. A Afrilun 2025, ƙarƙashin Babban Sufeto Kayode Egbetokun, aka dawo da shi ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP, da biyan kuɗi, aka yi ta ɗage ranar fara kame har zuwa 2 ga Oktoba. Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ta garzaya kotu a Abuja tana ƙalubalantar tsarin, Babbar Kotun Tarayya da ke Warri kuma ta ce kowa ya tsaya inda yake, sai rundunar ta sanar da jingine kamen. Daga nan wata sabuwar fassarar ta ɓullo, wai an soke dokar. Jingine kame daban, soke doka daban. Majalisa ce ke soke ta, ko kotu ta yanke cewa ta saɓa wa tsarin mulki.

Hujjar 'yan sanda ba ta banza ba ce. Masu garkuwa da mutane sun sha fakewa bayan baƙin gilashi. Sai dai kowa na ganin jerin gwanon Hilux masu gilashi baƙi ƙirin, lamba a rufe, suna wuce shinge ana sara musu, manomi mai buhun taki a bayan mota shi ake cewa ya faka.

Kawu dai ya ƙarasa kankare na ƙofofin gaba, tunda ledar da ya sa mai duhu ce sosai kuma ba shi da takarda. Tayunsa da ya riga ya yi cinikin sayarwa da wani bakanike, ya buga waya ya ce ya fasa.