Zama a Jirgin Ruwa Mai Filafilai Tsakanin Tsibirai

Zama a jirgin ruwa mai filafilai salon rayuwa ne da mutum ɗaya, ko ma'aurata, ko iyali guda ke mayar da ƙaramin jirgi gidansu, suna bin iska daga wannan tsibiri zuwa wancan a tekunan yankuna masu zafi. Filafilai su ne manyan ƙyallayen da ake ɗagawa iska ta tura jirgin. Galibin jiragen tsawonsu mita 10 zuwa 15 ne, da ɗakin kwana, da madafa, da makewayi, da injin dizal na ko-ta-kwana. An fi ganinsu a tekun Karibiyan, da Bahamas, da tsibiran kudancin Fasifik irin su Tahiti, Tonga da Fiji.

Iska da lokaci

Iskar da ke kaɗawa daga gabas kusan duk shekara a wannan yanki ita ce ginshiƙin tafiyar, shi ya sa masu zagaya duniya suka fi nufar yamma. Tun 1986 ake shirya ayarin jirage masu filafilai da ake kira ARC, wanda ke tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari cikin watan Nuwamba ya ratsa Atlantika. Yanzu a Sent Lusiya yake sauka, tafiyar kimanin mil 2,700 na teku, kowane mil mita 1,852, abin da ke cin ƙaramin jirgi wajen mako uku. Wanda ya wuce mashigin Panama kuwa, akwai wajen mil 3,000 a gabansa tsakanin tsibiran Galapagos da na Markesas, ba tudu ko ɗaya. Da dare karɓa-karɓa ake yi, wani na barci wani na gadi.

Mahaukaciyar guguwa ce ke yanka wa matuƙa kalanda. A Atlantika lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, a kudancin Fasifik kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu. Da yawa sukan gangara kudu zuwa Girenada ko Tirinidad, wasu na Fasifik kuma su tsere zuwa Niyu Zilan. Duk da haka kudun ba mafaka ba ce tabbatacciya: guguwar Ivan ta ragargaza Girenada a 2004, Beryl kuma ta faɗa wa tsibirin Kariyaku na ƙasar Girenada a 2024.

Anka da murjani

Abin da baƙo bai cika sani ba shi ne, kwanakin tsayuwa sun fi na tafiya yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka iya jefa anka, wato ƙugiyar ƙarfe mai riƙe jirgi wuri ɗaya, ya fi komai. Akan nemi wuri mai rairayi, a saki sarƙa ninki biyar ko fiye na zurfin ruwan, sannan a ja da baya da inji har ankar ta kama. Jefa ta kan murjani, duwatsun da ƙananan halittun teku ke ginawa, ɓarna ce, don abin da ya yi shekaru yana girma sarƙa ke karyawa a dare guda, kuma wurare da dama sun haramta.

Shiga tsakanin duwatsun murjani aikin ido ne. Akan jira rana ta ɗaga, ta kasance a bayan matuƙi, wani ya tsaya a goshin jirgi yana karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore mai haske rairayi ne a kusa, ruwan ƙasa kuwa dutse ne, a kauce.

Ruwa, wuta da gyara

Ga ruwa ta ko'ina, amma na sha sai da lissafi. Wasu na tarar ruwan sama, wasu na da na'urar da ke matsa ruwan teku ta cikin mataci ta cire gishirin. Wuta daga farantan sola take zuwa batir, firji kuma shi ke cinye kaso babba. Gishiri na cin ƙarfe, rana na cin ƙyalle da igiya, don haka dole mai jirgi ya zama makaniki da tela da mai gyaran famfo. Zuwa kasuwa ma sai da ƙaramin kwalekwale mai inji.

Kifi na samuwa, sai dai manyan kifayen da ke kiwo a murjani, irin su barakuda, kan ɗauki dafin siguwatera, wanda dahuwa ba ta kashe shi.

Shiga ƙasa

Tsibiran da ke hangen juna sau da yawa ƙasashe ne daban-daban. Jirgin da ya iso yakan ɗaga tuta rawaya, shugabansa ya sauka da fasfo da takardun jirgi zuwa wurin jami'an kwastan da na shige da fice, sauran su jira a ciki. In an sallame su sai a sauke rawayar, a ɗaga ƙaramar tutar ƙasar da aka shigo.