Wai mene ne "tarihin da-a-ce"?

Kwanan nan za ka ga matasa, musamman ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da Kongo a Zariya, suna sa taswira a Facebook wai ga yadda Arewa za ta kasance da abu kaza bai faru ba. To wannan shi ne tarihin da-a-ce. Ka ɗauki abu ɗaya tak da ya faru ka juya shi, sai ka bi sawu da hujja ka ga me zai biyo baya, abu ɗaya fa, in ka canza komai da komai ai ka koma tatsuniya.

Wani zai ce ai hadisi ya ce "da a ce" tana buɗe aikin shaiɗan. Haka ne, amma wancan kan nadama da ja da ƙaddara ne, wannan kuwa hanya ce ta gane dalilan da suka sa abu ya faru.

Ɗauki jihadin Shehu Usmanu. A 1804 jama'arsa sun ci rundunar Yunfa Sarkin Gobir a Tabkin Kwatto, amma daga baya sun sha kashi sosai a Tsuntsuwa da Alwasa. To da a ce daga nan komai ya watse fa? Malam Musa ba zai shigo Zariya da tutar Shehu ba, Sarkin Zazzau Makau ba zai bar garin ya nufi Zuba ba, ɗan'uwansa Abu Ja ba zai kafa Abuja wadda yanzu ake kira Suleja ba, ka ga ke nan har sunan babban birnin Najeriya da wani ne daban, tunda daga can aka ɗauko shi. Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa duk babu batun gidajen sarautarsu a Zazzau. Kuma Turawan da suka ci Sakkwato a 1903 da ba su tarar da daula ɗaya mai sarakuna da alƙalai a ƙarƙashin Sarkin Musulmi ba, sai Kano da Katsina da Gobir da Zazzau kowa na jan nasa.

Inda nake saɓa wa masu taswirar nan shi ne suna yi kamar da an ci Shehu shi ke nan magana ta ƙare. Ina! Harajin zalunci da jangali da kama Musulmi a sayar bayi ai suna nan, malamai da almajiran da suka karanta rubuce-rubucensa ma suna nan warwatse a ko'ina, ni a ganina wani malamin ne zai sake tashi, watakila ma daga ƙasar Zazzau.