Mulkin Lyndon Johnson: 'Yancin Baƙaƙen Fata da Yaƙin Biyetnam

Lyndon Baines Johnson shi ne shugaban Amurka na 36, kuma ya riƙe mulki daga 22 ga Nuwamban 1963 zuwa 20 ga Janairun 1969. A zamaninsa aka zartar da manyan dokokin da suka rusa wariyar launin fata a kudancin ƙasar, a zamanin nan kuma Amurka ta faɗa tsundum cikin yaƙin Biyetnam. An saba ba da labarin al'amuran biyu a rarrabe, amma tare suka gudana, wani lokacin ma a mako guda, kuma yaƙin ne ya riƙa cinye kuɗi da goyon bayan da gyaran cikin gida yake buƙata.

An haifi Johnson ranar 27 ga Agustan 1908 a ƙauyen jihar Texas. A ƙuruciyarsa ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a garin Cotulla, sannan ya shiga Majalisar Wakilai a 1937, ya koma Majalisar Dattawa a 1949, ya zama jagoran masu rinjaye a 1955. Kusan shekara ashirin yana kaɗa ƙuri'ar adawa da ƙudurorin kare haƙƙin baƙaƙen fata, kamar sauran 'yan majalisar kudu, kafin ya taimaka aka zartar da dokar 1957, wadda sai da aka rage mata kaifi sosai sannan ta samu wucewa. Ya zama mataimakin John Kennedy a 1961, kuma a cikin jirgin saman shugaban ƙasa aka rantsar da shi sa'o'i kaɗan bayan an harbe Kennedy a Dallas.

Ƙudurin kare haƙƙin baƙaƙen fata da Kennedy ya bari a gaban majalisa shi ne jarrabawarsa ta farko. Sanatocin kudu, ƙarƙashin jagorancin Richard Russell na Jojiya, wanda tsohon ubangidan Johnson ne a siyasa, sun shafe fiye da wata biyu suna jan muhawara domin kada a kai ga ƙuri'a. Johnson ya san majalisar ciki da bai, ya san wanda ake lallashi da wanda sai an matsa masa lamba, saboda haka ya jawo Everett Dirksen, jagoran 'yan jam'iyyar Republican, har aka rufe muhawarar ranar 10 ga Yunin 1964 da ƙuri'a 71 da 29. Dokar da ya sa wa hannu ranar 2 ga Yuli ta haramta wariya a otal-otal da gidajen abinci da sauran wuraren da jama'a ke shiga, ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar ma'aikata, ta kuma ba gwamnatin tarayya ikon janye kuɗinta daga duk hukumar da ta ci gaba da wariya. Sai dai ba a fadar shugaban ƙasa wannan doka ta samo asali ba. Zanga-zangar Birmingham da gangamin Washinton na 1963, da dubban mutanen da suka sha duka da ɗauri, su suka tilasta wa 'yan siyasa motsawa.

Ranar 4 ga Agustan 1964 aka tono gawawwakin matasa uku masu fafutukar rajistar zaɓe, James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner, waɗanda 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ra'ayin wariya, suka kashe a Mississippi. A wannan ranar ce gwamnati ta ce Biyetnam ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, ta sake kai wa jiragen ruwan yaƙinta hari a mashigin tekun Tonkin, harin da bincike daga baya ya nuna da wuya idan ya faru. Bayan kwana uku majalisa ta ba shugaban ikon amfani da ƙarfin soja a kudu maso gabashin Asiya ba tare da shelanta yaƙi ba. Babu wanda ya ƙi a Majalisar Wakilai, a ta Dattawa kuwa mutum biyu kacal suka ƙi. A watan Nuwamba Johnson ya kayar da Barry Goldwater, ɗan takarar jam'iyyar Republican, da kashi 61 cikin ɗari na ƙuri'u, amma jihohi biyar na can ƙuryar kudu suka juya wa jam'iyyarsa ta Democrat baya.

Dokar 1964 ba ta magance matsalar zaɓe ba. A gundumar da garin Selma yake a jihar Alabama, kimanin kashi 2 cikin ɗari ne kawai na baƙaƙen fatan da suka isa zaɓe ke da rajista, domin jami'ai suna ɗora musu jarrabawar karatu da tambayoyin tsarin mulki da gangan don su faɗi, wanda kuma ya nace yana iya rasa aikinsa ko ransa. Ranar Lahadi 7 ga Maris ɗin 1965 mutum wajen 600 suka tashi a ƙafa daga Selma za su Montgomery, babban birnin jihar, don neman 'yancin zaɓe. Da suka hau gadar Edmund Pettus sai 'yan sandan jihar, da wasu a kan dawakai, suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa, har aka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, kai, kuma a daren ranar miliyoyin Amurkawa suka kalli abin a talabijin. Washegari, 8 ga wata, sojojin kundumbala na ruwa 3,500 suka sauka a Da Nang, rukunin farko na mayaƙan ƙasa da Amurka ta tura Biyetnam, kwanaki kaɗan bayan an fara ruwan bama-bamai a kan Biyetnam ta Arewa. Ranar 15 ga watan Johnson ya nemi majalisa ta yi dokar 'yancin zaɓe, ya kuma sa mata hannu ranar 6 ga Agusta. Dokar ta dakatar da jarrabawar karatu, ta ba da damar tura jami'an tarayya su yi rajista da kansu, ta kuma wajabta wa wasu jihohi neman izinin tarayya kafin su sauya dokokin zaɓensu. A Mississippi rajistar baƙaƙen fata ta tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin ɗari zuwa kusan kashi 60 a 1967, kuma babu wata doka ta wannan zamani da tasirinta ya bayyana da sauri haka.

Kwana biyar da sa hannun tarzoma ta ɓarke a unguwar Watts ta Los Angeles, aka rasa rayuka 34, abin da ya nuna cewa talauci da cunkoson gidaje da cin zalin 'yan sanda a biranen arewa da yamma ba su cikin abin da dokokin suka taɓa. Johnson yana da shirin yaƙi da talauci, ya kuma kafa tsarin kula da lafiyar tsofaffi da marasa ƙarfi a 1965, amma yawan sojojin Amurka a Biyetnam ya tashi daga kimanin 184,000 a ƙarshen wannan shekara zuwa sama da 530,000 a 1968. Ya daɗe yana jinkirta neman ƙarin haraji don gudun kada majalisa ta zaftare shirye-shiryensa na cikin gida, lamarin da ya haifar da giɓi a kasafi da tashin farashi.

A shekarun farko na yaƙin, kason baƙaƙen fata cikin sojojin da ake kashewa ya zarce kasonsu a jama'ar ƙasa. Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya fito fili ya la'anci yaƙin a cocin Riverside da ke New York ranar 4 ga Afrilun 1967, yana mai cewa ana tura matasa su kare a wata nahiya 'yancin da ba su samu a gida ba, kuma daga nan hulɗarsa da fadar shugaban ƙasa ta yanke. Wasu shugabannin baƙaƙen fata sun soki matakin nasa, suna ganin bai kamata a ɓata da shugaban da ya yi musu abin da wani bai yi ba. A ƙarshen watan Muhammad Ali ya ƙi shiga soja saboda addininsa, aka ƙwace kambinsa na dambe, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi masa. A 1967 ɗin dai Johnson ya naɗa Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli, yayin da tarzomar Detroit ta ci mutum 43.

Farmakin Tet na ƙarshen Janairun 1968, inda mayaƙan kwaminisanci suka kai hari kan birane da dama lokaci guda har cikin harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu da Amurka ke mara wa baya, ya jawo musu asara mai yawa a fagen daga, amma ya rushe iƙirarin gwamnati cewa nasara ta kusa. Ranar 31 ga Maris Johnson ya sanar da taƙaita ruwan bama-bamai, ya kuma ce ba zai sake tsayawa takara ba. An kashe King a Memphis ranar 4 ga Afrilu, bayan mako guda kuma shugaban ya sa hannu a dokar hana wariya wajen sayar da gidaje da ba da hayarsu. Richard Nixon ne ya lashe zaɓen Nuwamba, George Wallace mai ra'ayin wariya kuma ya ci jihohi biyar na kudu. Johnson ya koma gonarsa a Texas, inda ya rasu ranar 22 ga Janairun 1973, kwana biyar kafin a rattaba hannu a yarjejeniyar Faris da ta fitar da sojojin Amurka daga yaƙin da ya ci rayukan Amurkawa sama da 58,000 da na 'yan Biyetnam fiye da miliyan guda.