Fim a ɗaki guda ba lallai rashin kuɗi ba ne

A fada wajen shan shayi a Yamai, an daɗe ana cewa rashin kuɗi ke sa a yi fim a ɗaki guda. Akan samu haka, amma sau da yawa da gangan ne. In mutanen cikin fim ba su da hanyar fita daga ɗakin, mai kallo ma ji yake an kulle shi, motsin ƙofa kaɗai sai gaba ya faɗi. A wani fim na Amurka na 1957, mutum 12 na gardama kan hukuncin kisa, ana sauke kyamara sannu a hankali har rufi ya bayyana, ɗakin ya matse. Wannan gwaninta ce. Ku kwatanta farkon irin fim ɗin da ƙarshensa, ku lura da kusancin fuskoki. Don Allah ku tura wa abokan fada.