Mene ne lalataccen fayil, kuma me ya sa yake hana sabar tashi?

Lalataccen fayil shi ne wanda abin da ke cikinsa ya saɓa wa tsarin da manhaja ta ajiye shi a kai. Sunansa yana nan, girmansa ma kamar daidai, amma wani sashe ya yanke ko ya cakuɗe.

A wajenmu ɗauke wuta ne kan gaba wajen jawo shi. A ce shagon rajistar ɗalibai ne a Samaru ko Kongo: sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan ɗaliban, na tsakiyar rubutu a faifai, wuta ta tafi, kafin a tayar da janareta sabar ta mutu. Rabin bayanin ya shiga, rabi bai shiga ba. Cikar faifai ko tsufansa ma kan haifar da haka.

Sau da yawa manhajar kan gyara kanta idan an kunna. In ɓarnar ta fi ƙarfinta, misali lambar tantancewar da ta lissafa lokacin ajiya ba ta dace da abin da ta tarar ba, sai ta ƙi tashi. A ganina wannan gata ne, domin da ta ci gaba da rubutu a kan gurɓataccen bayani, ɓarnar yaɗuwa za ta yi.

A nan gaggawa ke cutar da mutane. Layi ya yi tsawo, maigida na tsaye a kanka, sai wani ya ce, "Malam, goge shi kawai." Sabar za ta tashi kuwa, amma wayam, babu sunan ɗalibi ko ɗaya. Don Allah kada ka taɓa komai sai ka karanta rahoton kurakurai ka ga fayil ɗin da ake magana, sannan ka kwafe shi zuwa wani faifai yadda yake.

Sai gyara. Redis, wata manhajar rumbun bayanai, na da umarnin redis-check-aof --fix, wanda ke datse fayil ɗin daga inda lalacewar ta fara har ƙarshe, ka ga duk abin da ke bayan wurin ya tafi. MySQL kuma, ita ma manhajar rumbun bayanai, na da saitin innodb_force_recovery, mai matakai 1 zuwa 6. Ana farawa daga 1 a hau a hankali, domin daga 4 zuwa sama bayanai na iya lalacewa har abada. Da zarar ta tashi, a kwashe bayanan a zuba su a sabon rumbu.

In akwai kwafin jiya, dawo da shi ya fi sauƙi. Sai dai a binciki faifan tukuna, don in shi ne ya tsufa, sabon fayil ɗin ma zai lalace.